Ƙofar da Yaya Modu Yake Shiga da Kansa

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Baba lafiya lau, yana zuwa Kasuwar Shanu kamar yadda kika bar shi. Maganar Yaya Modu ce ta sa na ɗauki biro, don ke kaɗai zan faɗa wa muryata ba ta yi rawa ba.

Umma, an buɗe wani shago a bakin titinmu nan Bolewa, jikin mai injin markaɗe. A allon an rubuta cajin waya da kallon ƙwallo. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne gangaren siminti da aka zuba a ƙofar, mai faɗi, har da ƙarfen dafawa. Mai shagon yana gaya wa kowa wai doka ce ta ce a yi wa masu keken guragu hanya. To dokar shi kaɗai ta sani? Kantin maganin da kike aikena har yau matakala uku ne. Daga waje Yaya yake tsayawa a kan kekensa yana ƙwala sallama, sai an ga dama a leƙo.

Kin tuna ranar da muka je ɗaukar hoto, ƙarti biyu suka ciccibe shi kamar buhun gero, ya dawo ya ƙi cin tuwo? Ranar kika ce, "Ɗana ba kaya ba ne."

Wata biyu ke nan, kullum bayan la'asar sai ya yi wanka, ya shafa turare, ya murza kekensa ya fice. Ni kuwa, kin san ni da littattafaina, tuni na gama tsara labari: wata doguwa mai fararen idanu ce ta hango zuciyarsa, ba ta dubi ƙafafunsa ba. Har suna na raɗa mata. Ranar wanki da na ji takardu a aljihunsa, na ce shi ke nan, wasiƙunta ne! Na shige ɗaki na warware ina murmushi. Dogaye ne sirara, cike da sunayen ƙungiyoyin ƙwallo da lambobi. Caca ce, Umma, a sabon shagon nan yake yin ta.

Tun daga nan in na kai markaɗe nakan daɗe, ina satar kallo ta gefen hijabi. Mai shagon har ƙasan gangaren yake saukowa ya tarbe shi, yana washe baki, wai "Alhaji Modu". Fara'ar nan ba ta kwanta mini ba ko kaɗan. Anya simintin nan don Allah ya zuba shi?

Amma kuma na ga fuskar Yaya lokacin da yake hawa da ƙarfin damtsensa, ba mai tura shi, ba mai ce masa sannu. Rabona da ganin kafaɗunsa a miƙe haka tun kina nan.

In na gaya wa Baba, kin san shi, kwaɗo zai sa wa keken, Yaya ya koma zaman tabarma. In na yi shiru kuma, shekaranjiya na lura rediyonki ba ya kan taga. Ban tambayi kowa ba. Tsoro nake kada wata rana keken ma ya bi shi.

Ba zan iya haɗa ido da shi in yi magana ba. Shi ya sa ɗazu na goge masa farar rigarsa, na ajiye a kan katifarsa, na jera takardun a kai, na danne su da carbinki. Ya shiga ɗakin tun azahar. Ga la'asar ta wuce, keken yana zaure. Ban sani ba ko fushi yake da ni ko kuka, kuma ban san me zan yi gobe ba in na ji ƙarar sarƙar kekensa.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki. Allah Ya buɗa wa Yaya wata ƙofar da zai shiga da kansa, ya fito bai rasa komai ba. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Yagana