Ta Tona Ni Cikin Addu'a, Ni Ma Zan Tona Ta

Goggo Mai Shawara,

Don Allah ki taimake ni kafin Larabar ƙarshen wata. Idan ba a tare ni ba, zan yi abin da matan ikilisiyarmu za su daɗe suna zancensa. Kuma gara in faɗa miki gaskiya tun farko, rabin zuciyata ba ta son a tare ni.

Ban daɗe da aure ba, ko haihuwa ban yi ba tukuna. Maigidana mai gyaran firji ne. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya yawo, bai taɓa ɗaga min murya ba. Sai dai magana a wurinsa kamar ana cire masa haƙori. Ya dawo da ƙaurin mai a riga, ya yi wanka, ya ci abinci, ya ce "sannu da aiki", shi ke nan an rufe shago. Ni kuwa tun ina makaranta littattafan soyayya ne ƙawayena. Na girma da mazan da ke tsayawa cikin ruwan sama don kawai su ga fitilar ɗakin masoyiyarsu. Na ɗauka haka aure yake.

A ikilisiyarmu akwai rukunin mata na nazarin Littafi Mai Tsarki. Kowace Laraba da yamma muke haɗuwa a ajin yara na bayan majami'a, kan 'yan bencunan nan da in kin zauna gwiwarki ke neman haɓarki, fanka na ta ƙara a kanmu kamar tana da tata tambayar. Matar fastonmu, wadda muke kira Mama, ta zaɓi wasunmu matasa tana koya mana jagoranci: yadda ake shirya darasi, yadda ake jefa tambaya a yi shiru a bar mutane su yi tunani, yadda ake tsayar da mai dogon bayani ba tare da an kunyata ta ba. Goggo, a nan na fara jin ni ma wata ce. Mama ta ce ina da baiwar ba da labari, wai in na fara bayani har masu fifita sukan manta da mafici a hannunsu. Na fara ganin kaina gaban babban taron mata, cikin farar riga, kowa ya yi tsit. An ma riga an sa min ranar da zan jagoranci darasina na farko.

To akwai ƙa'ida. Duk wadda ake koya wa jagoranci ana haɗa ta da babbar mace, abokiyar addu'a. Kuna riƙe hannun juna a gaban Mama ku yi alkawari cewa abin da ya shiga kunne, Allah kaɗai zai sake jinsa. Kuma ba ƙaramar kaɗai ke buɗe cikinta ba, babbar ma sai ta faɗi nata, don kada wata ta mai da kanta alƙali. Ni aka haɗa ni da Anti Nas. Ma'aikaciyar jinya ce, matar ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, ita ce ma ke yi wa amare nasiha kafin ɗaurin aure. Na yi murna ƙwarai. Na ce na samu uwa.

A falonta, ƙarƙashin babban hoton aurensu, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyata ba. Na ce wani lokaci in na rufe littafi na dubi maigidana yana gyangyaɗi a kujera, sai hawaye ya zo min, in ji kamar labarin wata aka sa ni a ciki bisa kuskure. Na ce ina ƙaunarsa, amma ina jin yunwar kalma ɗaya mai daɗi. Na ce ina tsoron zuciyata ta fi ɗokin littattafan nan a kan Maganar Allah, ta taya ni addu'a. Ta rungume ni. Sannan ta faɗi nata tana kuka. Ashe dattijon mijin nata ya daɗe da barin gidan. Yana zaune shi kaɗai a wata unguwa. Ranar Lahadi ne kawai yake tsayawa da mota a kwanar titinsu ya ɗauke ta, su shiga majami'a tare cikin kaya iri ɗaya suna murmushi, a tashi ya sauke ta a kwanar nan ya wuce. 'Ya'yansu da ke nesa ma ba su san zurfin abin ba. Na yi kuka tare da ita, Goggo. Ni wawuya har ruwa na ɗebo mata ta wanke fuska.

Ba a jima ba, wata Laraba, ita ce mai addu'ar rufewa. A wurinmu mai rufewa takan tsaya a tsakiya ta kawo buƙatun addu'a ɗaya bayan ɗaya, mu amsa da Amin. Ta yi ta marasa lafiya, ta yi ta masu jarrabawa. Sai ta sauke murya, irin muryar da ke sa kunnuwa su miƙe, ta ce: "Mu ɗaga wata ƙanwarmu amarya gaban Ubangiji. Magabci ya shiga gidanta ta hanyar littattafai, har ta fara ganin mijinta bai kai mazan takarda ba. Ya Uba, ka maido da zuciyarta ɗakinta!"

Ba ta faɗi suna ba. Amma amarya ɗaya ce a ajin nan, kuma kowa ya san wadda ba ta rabuwa da littafi a jaka. Ban taɓa jin Amin mai ƙarfin wannan ba. Idanun da ya kamata su kasance a rufe, na gan su a buɗe suna leƙena ta tsakanin yatsu. Uwar mijina tana bencin gaba. Ba ta juyo ba, amma na ga wuyanta ya sandare. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari uwar mijina ta zo da buhu ta kwashe littattafaina kamar mai kwashe shara. Ta kai wa ɗanta labari, da ƙari. Shi kuwa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daina kallon fuskata in yana cin abinci. Sau ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa, ya ce, "Ni dai firji na iya gyarawa," ya fita. Har yau maganar nan na sukata. Mama kuma ta kira ni gefe ta ce in ɗan huta da jagoranci har gidana ya daidaita, aka ba wata darasin da na daɗe ina shiryawa. Don kada in ji an yar da ni, wai, ta bar min addu'ar rufewa ta ƙarshen wata. Ita kuwa Anti Nas, da muka haɗu a ƙofar majami'a, rungume ni ta yi tana cewa don taimakona ta yi, ai ba ta ambaci suna ba. Ta kwance min zani a kasuwa, tana jiran in yi mata godiya.

To Goggo, tsakiyar ajin nan tawa ce ranar Laraba. Na riga na tsara kalmomina. Zan yi ta marasa lafiya, in yi ta masu jarrabawa, sannan in sauke murya yadda ta sauke, in ce mu ɗaga wata uwa a cikinmu, mai koya wa amare zaman aure, wadda mijinta ke ɗauka a kwanar titi ya sauke a kwanar titi. Ni ma ba zan ambaci suna ba. Na gwada a gaban madubi har na san inda zan ja numfashi. Na zaɓi rigar da zan sa. Ina ganin jakarta na zamewa daga cinyarta, ina jin Amin ɗin da za a amsa. A littattafaina wannan ne babin da wadda aka zalunta ke miƙewa, mugu ya sunkuyar da kai, mai karatu ya ji sanyi a ransa. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma ina so ta ɗanɗana.

Abu ɗaya ke damuna. Tunda na tsara wannan addu'ar na kasa yin kowace addu'a. In na durƙusa, ita ce ke zuwa bakina. In na buɗe Littafi Mai Tsarki, sai in ga fuskar Anti a kan shafin. Amma ai ita ta fara karya alkawari. Me zai sa ni in riƙe nawa? Ki faɗa min, Goggo, ba adalci ba ne?

Taki,
Amaryar da Aka Yi wa Amin

*

'Yata,

An zalunce ki, ba na shakka. Abin da aka yi miki tsegumi ne aka ɗaura masa ɗankwalin addu'a, kuma rashin ambaton suna ba ya wanke shi. Fushinki yana da dalili. Amma ki ajiye wannan addu'ar da kika tsara. Kada ki yi ta.

Ki tambayi kanki, wa za ki yi wa magana ranar Laraba? Addu'ar da aka gwada a gaban madubi, aka san inda za a ja numfashi don kunnuwa su miƙe, ba sama take nufa ba, bencuna take nufa. Za ki kira sunan Ubangiji ki mai da shi sandar dukan mutum. Shi ya sa bakinki ya kulle. Zuciyarki ta riga ni ba ki amsa.

Kuma littattafanki a inda mugu ya sunkuyar da kai suke rufe babi. Rayuwa tana da washegari. Washegari 'ya'yan matar nan za su ji labarin gidansu daga bakin 'yan gulma. Washegari babu macen da za ta sake buɗe cikinta ga abokiyar addu'a a ikilisiyarku, domin an gani sau biyu inda sirri ke ƙarewa. Ke kuma da ake tausaya wa yau, za ki zama wadda ake rage murya in ta shigo. Kina son jagoranci. Jagorar mata ba mai daɗin baki kaɗai ba ce, mace ce da za a iya zuba wa sirri a kwana lafiya. Anti ta karya alkawarinta, wannan nata ne. Naki yana hannunki, ba ita kaɗai kika yi wa shi ba.

Ita Anti, ban san zuciyarta ba. Mai yiwuwa son a ce ta san komai ne. Mai yiwuwa kuma macen da aurenta ya mutu cikin shiru ta ji farkon nata labarin a bakinki, ta firgita, ta yi ihu inda ya kamata ta yi raɗa. Wannan ba uzuri ba ne, amma zai rage miki ganinta a matsayin dodo.

Ga abin da za ki yi. Ki same ta ita kaɗai, ki faɗa mata ido da ido cewa ta karya alkawari, ki gaya mata abin da ya jawo miki a gida da wajen surukarki. Kada ki taɓa zancen kwanar titi, ko da habaici. Sannan ki je wurin Mama cikin ladabi ki ce abin da aka faɗa a tsakar aji sirrin abokiyar addu'a ne. Ita ma ta yi kuskure, ta hutar da wadda aka tona ta bar wadda ta tona, kuma ya kamata ta sani. Ki roƙi a canza miki abokiya, a kuma kafa doka cewa ba a kawo buƙatar kowa sai da izininta. Gafara wajibi ce a kanki, amma ba ta ce ki sake ba matar nan makullin ɗakinki ba.

Wanda ya fi kowa jin ciwo a labarin nan shi ne wanda kika fi mantawa. Mutumin da ya ce firji kawai ya iya gyarawa yana gaya miki ne yana tsoron bai ishe ki ba. Labarin ya iso masa da ƙari, ke ki kai masa na asali, har da inda kika ce kina ƙaunarsa. Mai gyara ne, ki nuna masa inda ke yoyo. Ki ce masa kina son ya zauna ya yi hira da ke, kina son ya ce kin yi kyau. Karatun labari ba zunubi ba ne, sai dai mazan takarda ba sa gumi, ba sa gajiya, kada ki auna mai rai da su. In kun shirya, shi zai karɓo miki buhun littattafanki daga wurin mahaifiyarsa.

Ranar Laraba, idan kin san harshenki zai ƙwace miki, ki ba wata ta rufe, babu kunya a ciki. Idan kuwa za ki iya, ki sa rigar da kika zaɓa ki tsaya a tsakiya. Anti ta san abin da ke hannunki, za ta zauna ne tana jiran wuƙa. Ki yi ta marasa lafiya, ki yi ta masu jarrabawa, ki ce Amin, ki koma bencinki. Matan ajin ba za su san an yi komai ba. Ita za ta sani, ke ma za ki sani, kuma wannan ne darasinki na farko da kika jagoranta.

Ubangiji ya sanyaya zuciyarki, ya buɗe bakinki ga addu'a, ya sa dariya a ɗakinku.

Goggo Mai Shawara