Farar Rigar Kakanka

Angona Tanko,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jiki, yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan ƙalau, sai gwiwar amaryarka da ke tsiya.

Ran Lahadi aka yi baftisma a tafkin hanyar Jahun, tunda damina ta cika shi. Muna waƙa ana nutsa mutane, sai na hango tsoho a bakin ruwa, takalmi a hannu. Tsayuwar kakanka sak. Na murza ido, ba kowa.

Ka san shi da "bari ruwa ya ƙara cika". Da rani ya rasu ba a yi masa baftisma ba, farar rigar da ya tanada tana ninke. Fasto ya ce bangaskiya ke ceto, ruwan shaida ne cewa tsohon mutum ya mutu, sabo ya tashi. Na yarda, amma gabana bai daina faɗuwa ba.

Kai ma kullum "sai baɗi". Tsoron ruwa ne, ango? Zan riƙe maka takalmi.

Ka sa ni a addu'a, ka gai da abokan zamanka. Ka zo kafin tafkin ya janye. Rigar na wanke ta, tsawonku ɗaya.

Kakarka,
Saraya