Lilo Ya Tsaya da Nana a Sama

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Malam da yara? Mu nan Gummi sai godiya.

Da Sallah muka je wurin wasan yara a Gusau. Baban Nana ya ce sai ya hau lilo mai inji da ita. Na ce, "Jaririya ce fa!" Ya ce, "Ai tana hannuna." Suna kaiwa sama injin ya mutu. Ina ƙasa ina jin kukanta, nono na zuba, ba yadda zan kai gare ta.

An sauko da su lafiya, amma har yau ko Inna ta ɗauke ta sai na karɓe. Ki sa ni a addu'a, hankalina ya ƙi kwanciya. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Rabi