Bangon Shagon Tanko

Litinin, 13 ga Maris 1989

Malam da sauƙi, sai ƙafar da ba ta sace ba. Hajo ƙanwarsa tana nan da tarinta. Lami da Delu lafiya a ɗakunan mazansu. Ni ma lafiya. Tanko ne ban san layin da zan sa shi ba.

Tun da aka rufe jami'a ya dawo gida daga Samaru, ba ya fita daga shagonsa na bakin zaure. Takarda ta ƙare masa, ya koma bango. Alli da gawayi, tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai.

Asabar, 25 ga Maris

Na kai masa kunu, na tsaya ina duba. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma yau ko harafi guda ban kama ba. Ba boko ba, ba ajami ba.

Na ce, "Tanko, wannan na mene ne?"

Wai akwai wani zare a sama, ragowar lokacin da duniya take sabuwa da zafi. Ya fi wanda nake kaɗawa siranta, amma ɗan guntunsa ya fi dutsen Kufena nauyi. Akwai kuma baƙin rami da ke haɗiye ko da haske. Shi yana neman abin da zai faru in zaren ya ratsa ramin.

Na ce, "Ka taɓa ganinsu?" Ya yi dariya. "Inna, ba wanda ya taɓa gani."

Kunun ya huce a wurin.

Laraba, 19 ga Afrilu

Azumi. Hajo ta dawo daga ta'aziyya a Ƙofar Galadima da magana. Wai ana cewa ɗan Malam Garba hatimi yake zanawa, boko ya taɓa masa kai. "Yaya, ranar Sallah a nan baƙi za su zauna. Ki bar su su gani, ki ji da bakin gari."

Turawan Italiya masu irin karatunsa kuma sun sake kiransa ya je can. Ya ce wa ubansa ba ya zuwa, a nan zai ƙarasa. Abin da nake riƙe da shi ke nan.

Talata, 2 ga Mayu

Ya fito tsakar gida yana murna, har ya ɗaga mini tulu. "Inna, na gama!" Kwanaki ina jinsa yana bin bangon yana maimaitawa ƙasa-ƙasa.

Alhamis, 4 ga Mayu

Ya tafi Samaru neman takarda. Ni da Hajo muka dama farar ƙasa muka shafe shagon, shafi biyu. Ya yi fes.

Juma'a, 5 ga Mayu

Ban iya rubuta sauran jiya ba.

Ya tsaya a bakin ƙofa da takardun a hammata. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Na ce, "Ba ka ce ka gama ba? Ai in an haddace allo wankewa ake yi, a rubuta na gaba." Haka na ga ubansa yana yi, haka kakansa.

Ya ce, "Inna, ba hadda ba ce. Babu shi a wani littafi. Nan kaɗai yake."

Ya sa farce yana kankare farar ƙasar a hankali. Allin yana fitowa tare da ita.

Lahadi, 7 ga Mayu

An yi Sallah. Baƙi sun yaba shafen.

Laraba, 24 ga Mayu

Yana sake yi a takarda. Farkon ya dawo, ƙarshen ma yana tunawa, tsakiyar ce ta ƙi. Ya ce akwai wata hanya da ya bi sau ɗaya, bai san ta inda ya shiga ba. Yana gaishe ni yadda ya saba, har ƙasa. Ido ne ba ma haɗawa.

Na ji yana gaya wa Malam, "Baba, can Italiya aƙalla akwai wanda zan tambaya."

Malam bai hana shi ba. Ni wane baki gare ni?

Talata, 13 ga Yuni

Ya tafi. Abokinsa Ya'u ya kai shi Kano. Na daka masa yaji da kuka, ya karɓa da hannu biyu.

Hajo ta ce ai yanzu bakin mutane ya mutu, ana ma cewa ɗan Malam ya hau jirgi.

Lahadi, 2 ga Yuli

Ƙafar Malam ta ƙara hawa. Shiru daga can.

Ya'u ya zo gaisuwa, ya ce in rubuta wa Tanko wasiƙa da hannuna, shi zai aika. Na ɓata takarda kafin ta yi kyau. Na gaya wa Tanko na lafiya da marasa lafiya. Sai na ce: Tanko, tsakiyar nan ta dawo maka? In ta dawo ko ba ta dawo ba, don Allah ka ba ni amsa kafin ranar Layya.

Bayan na liƙe na tuna ban ce masa ya dawo gida ba. Mantuwa ce, ina jin. Ya'u yana zaure yana jira, na miƙa masa haka nan.