Diril Mai Lamba Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya kira ni ofis da safe. Ranar talatin da ɗaya ga wata za a zo a kwashe tsohon injina, an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Kafin ranar, in na iya saita wuƙaƙen yanka ƙarfe goma a kan sabon injin CNC mai aiki da kwamfuta ni kaɗai, na fitar da aiki mai kyau, ina nan a matsayina. In na kasa, a mayar da ni sito. Da murmushinsa ya faɗa, wai a sito akwai kujera da fanka. Shekara ashirin da bakwai ina yanka ƙarfe a tsaye, yau ni ake yi wa tallar kujera.

Talata, 4 ga Maris

Injiniya ta fara koya mini. Sa'ar 'yata ta biyu ce, Baba take ce mini, amma ba ta raga mini ko kaɗan. Ta ce in ɗauki injin nan a matsayin makaho: bai san tsawon wuƙar da ke bakinsa ba sai an gaya masa. Kowace wuƙa tana ɗaure a mariƙinta da lambarta. Ka auna tsawonta, ka shigar a layin da ke da wannan lambar a allo, abin da suke kira ofset. In ka ba shi ƙarya, da ƙaryar zai yi aiki, kuma da gudu.

Na ce ni hannuna ke gaya mini. A tsohon injina siririyar takarda nake zurawa ƙarƙashin wuƙa, in riƙa sauko da ita har takardar ta cije. Daga nan na samo sunan Baba Takarda. Ta ce takardar ma tana yi, amma sai na cire kaurinta a lissafi. Kaurin takarda fa. Kashi ɗaya cikin goma na milimita.

Alhamis, 6 ga Maris

Na shigar da tsawon wuƙa ta huɗu a layi na biyar. Yatsa kawai Injiniya ta ɗora a kan allon ta bar shi a wurin. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 8 ga Maris

Maman yara ta ce tun da aka kawo injin nan, ko gishiri ya yi yawa a miya ba na lura.

Talata, 11 ga Maris

An hana ni takarda, an ba ni ɗan dunƙulen ƙarfen awo mai milimita hamsin. Ba a sauko da wuƙa a kansa, sai bakinta ya ɓare. Ka sauko da ita a gefe, ka riƙa ɗaga ta kaɗan kaɗan da abin murzawa har dunƙulen ya sulale ƙarƙashinta, sannan ka danna maɓalli. Na yi shida daidai a minti hamsin. Dogo, wanda ke riƙe da injin da safe, yana yin goma a minti goma sha biyar, yana fito kuma. Ya ce kada in damu, shi ma kakarsa a hankali take zura zare a allura. An yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Ba mugu ba ne, bakinsa ne ba shi da birki.

Laraba, 12 ga Maris

Yau dai na yi abin da na iya. Maigidana na farko, Allah Ya jiƙansa, ya koya mini cewa ba a barin wa na baya dakusasshiyar wuƙa. Tun daga lokacin, in an tashi aiki sai na zagaya ina gwada bakin kowace da farcen babban yatsa. Yau na bi ta kan na sabon injin, na tarar diril, wato wuƙar huda ƙarfe, mai lamba bakwai ya dakushe, ko man shanu ba zai huda ba. Na kwance shi daga mariƙi, na wasa shi a dutse, na mayar na ɗaure. Ya yi baki kamar sabo. Wannan kam babu kwamfutar da za ta koya mini.

Alhamis, 13 ga Maris

Inna lillahi.

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci aka ji wata ƙara, har masu walda suka fito. Diril ya huda farantin ƙarfen da aka kwana huɗu ana aikinsa, ya zarce cikin mamatsin da ke riƙe da shi, ya karye gida uku. Dogo na tsaye hannunsa a kan jan maɓalli, ya yi tsuru-tsuru. Injiniya ta auna abin da ya rage, ta ce diril ɗin ya fi abin da ke rubuce a layi na bakwai tsawo da milimita tara. Littafin aiki ya nuna Dogo ne ya auna shi ranar Litinin. Ya yi ta rantsuwa daidai ya auna. Manaja ya ce ya tafi gida, ranar Litinin a san matsayinsa.

Tun kafin Injiniya ta gama magana na gane. Da ido na mayar da diril ɗin mariƙinsa jiya, kamar yadda na saba, ya fito waje fiye da da. A tsohon injina wannan ba komai ba ne, hannuna zai ji. Wallahi ko sau ɗaya ofset bai faɗo mini a rai ba. Garin neman gira na rasa ido.

Babu wanda ya gan ni jiya.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya ce bakwai, ko da lokaci yake tambaya, sai gabana ya faɗi.

Injiniya ta zo kusa da ni riƙe da karyayyen bakin diril ɗin, tana juya shi a haske. Ta ce, "Baba, wannan wasawar hannu ce. Mai kyau kuwa." Ba ta dube ni ba. Ta jefa shi a aljihu, ta tambaye ni ko gobe zan gwada goma. A duk wurin nan mutum ɗaya ne ke wasa diril da hannu, kuma ta sani.

Asabar, 15 ga Maris

Goma cif, minti ashirin da takwas, babu kuskure ko ɗaya. Abin da na yi kwana goma sha biyu ina nema. Ban ji daɗin komai ba. Kofin shayin Dogo na nan a bakin taga inda ya bar shi.

Na faɗa wa maman yara bayan mun ci abinci. Na yi ta kare kaina: alheri na yi niyya, injin ne wawa, wa ya taɓa jin an hukunta mutum don ya wasa wuƙa? Ta bar ni na gama tsaf tana kwashe kwanuka. Sannan ta ce, "To Malam, ranar Litinin injin za a kora ko Dogo?"

Haushi ya kama ni na fita ƙofar gida. Haushin kuwa don gaskiyarta ne.

Litinin, 17 ga Maris

Na shiga ofis kafin Dogo ya iso. Na faɗa duka, a tsaye. Manaja ya daɗe yana buga biro a tebur. Ya ce ya gode da na faɗa, amma ba sai mun jira talatin da ɗaya ga wata ba. Na so in ce masa na yi goma ranar Asabar. Na fasa.

Dogo ya koma kan injinsa. Na ba shi haƙuri a gaban kowa, ya gyaɗa kai kawai. Yau ko fito bai yi ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Sito. Kujerar na nan. Fankar ba ta aiki.

Laraba, 26 ga Maris

Zaman banza ya ishe ni. Na ɗauko sauran siraran takarduna, na yayyanka, na rubuta a kan kowace da jan biro: AN TAƁA, A SAKE AWO. Duk mariƙin da ya bi ta hannuna sai na ɗaura masa ɗaya da zare. Injiniya ta gani, ta ce daga yau doka ce, kuma ba a cire takardar sai an shigar da sabon tsawo. Ni ba don doka na yi ba.

Litinin, 31 ga Maris

Sun zo da mota da sarƙoƙi ɗaukar tsohon injina. Na yi niyyar tsayawa a kansu har su gama, kada su ɗaure shi ta wurin abin murzawa.

Ana cikin haka Dogo ya leƙo sito, karon farko tun ranar. Ya ajiye mini sabon diril mai lamba bakwai a kan kanta, har ya dakushe. Ya ce, "Baba Takarda, a wasa mini. Irin waccan wasawar, ban da ƙarin tara."

Na wasa, na ɗaure, na ɗaura masa takardarsa. Na bi shi wurin injin don kawai in ga ko zai cire ta kafin ya auna, ba don komai ba. Muna isa ya matsa gefe ya harɗe hannu, ya bar mini abin murzawar. To me zan yi? Na ɗaga a hankali har dunƙulen ya sulale. Bakwai a layi na bakwai. Na duba sau biyu, sannan na tsinke takardar. Har yanzu ina nan a kan bakana, injin nan wawa ne.

Da na fito waje motar ta riga ta tafi. Ban ji tashinta ba.