Tasar Inna da allurarka

Zuwa ga yayana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda ta same ka, ko da yake ban san inda zan aika ta ba. Lambarka ta daina shiga damina biyu ke nan. Shi ya sa na rubuta ta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka. Ni ce Rakiya, wadda kake kira ƴar lakwal, wato ƴar makaranta.

Muna nan unguwar Gamkalley, a gidan da ka bar mu. Inna lafiyarta lau, sai ciwon gwiwa. Mun ɗauko keken ɗinkinka daga shagonka na unguwar Maourey, yana ɗakinta lulluɓe da zane, duk Juma'a sai ta goge shi ta ɗiga masa mai. Ni kuma na gama jami'a, ina koyar da kimiyya a wata makaranta a Lamordé. Akwai darasin da na fara maka ban ƙarasa ba, shi ne dalilin wannan takarda.

Kowa a unguwa ya san ka da tsoron ruwa. Ba laifinka ba ne, mun taso a ƙauyen Madawa inda babban ruwanmu tafki ne mai ƙafewa kafin sanyi ya wuce. Da muka dawo Yamai bayan rasuwar Baba, ka ga kogi ka ce wannan ba da kai ba. In za ka kawo mini saƙo jami'a a tsallaken kogi, masu kwale-kwale su yi ta kiranka, kai kuwa ka gwammace ka zagaya ta gada cikin rana, kana tafe idonka a kan motoci don kada ya faɗa ƙasa. Ƙato da kai, har da gemu. Na yi maka dariya har na gaji.

Ka tuna wata Juma'a bayan an sauko masallaci? Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa. Ka miƙo mini wayarka, wani direba mai ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya turo maka hoton jirgi, tsawonsa ya fi layinmu. Ka ce: "Ke ƴar lakwal, hwaɗa mini. Allurata in ta hwaɗa randa sai ƙasa. Mi ya hana wanga ƙaton ƙarhe nutsewa?"

Yaya, ka san halina da son a ce na iya. Shekara biyu ina jami'a, babu wanda ya taɓa tambayata abin da nake karantawa a gidan nan. Kaina ya kumbura. Ban tsaya na tambaye ka abin da ya haɗa tela da jirgin ruwa ba.

Na cika bahon wanki fal. Na zare allurar da kullum take soke a wuyan rigarka, na sake ta, ta wuce ƙasa. Na ɗauko tasar ƙarfen Inna na ɗora, ta zauna daram, ruwa ya malalo ta gefen baho ya jiƙa maka takalmi. Na ce ka ga wannan ruwan da ya zube? Tasa ce ta ture shi don ta samu wurin zama. Duk abin da ya shiga ruwa sai ya ture wani, ruwa kuma ya tallabo shi da ƙarfi daidai nauyin ruwan da ya ture. Allura siririya ce, ɗan ruwan da take turewa bai kai nauyinta ba. Tasa kuwa faɗi gare ta, cikinta iska ce, tun ba ta shiga rabi ba ta ture ruwan da ya kai nauyinta. Da maƙeri zai dandaƙe ta ya dunƙule, da ta bi allura. Na ce maka jirgin nan tasa ce babba, shi ke nan.

Ka durƙusa ka sa almakashinka a ciki. Ka ƙara makullan shago. Ka tsinto duwatsu biyu ka ɗora. Tasa ta ɗan yi ƙasa, amma ba ta nutse ba. Ka daɗe kana kallonta, sannan ka ce: "Ashe ruwa ɗauka yakai, ba haɗiyewa ba." Daidai nan Inna ta ce a ba ta tasarta za ta wanke shinkafa. Na kwashe kayan, na miƙa mata. Na san akwai saura, amma ban so in ɓata daɗin da na ga a fuskarka ba, kuma gaskiya, ban so in rage nawa ba.

Bayan mako guda ka zo mini jami'a ƙafar wandonka a jiƙe, kana washe baki, wai a kwale-kwale ka tsallako. Har tafi na yi maka.

Wata uku bayan nan ka tafi. Ka ce Libiya za ka, ɗinki ya fi tafiya a can. Ka dafa gwiwar Inna ka yi mata alkawari ko bakin teku ba za ka je ba. Ta yi dariya ta ce wannan ko ba ka rantse ba ta yarda.

Sai wata safiya saƙon murya ya shigo wayata ni kaɗai, iska tana ta bugawa a bayanka. Na haddace shi: "Ƴar lakwal, yau za mu hau jirgi. Na roba ne, amma babba ne, muna da yawa. Kar ki hwaɗa ma Inna sai na sauka. Ba ni jin tsoro, na tuna tasa." Ina ɗakin jarrabawa lokacin. Sai azahar na ji shi. Na kira, na kira, har yau ina kira.

Tun ran nan duk wanda ya zo jaje, magana ɗaya Inna take yi masa: "Lawalin da ko rijiya ba ya leƙawa? Bai shiga ruwa ba. Yana can wani wuri, waya ce ba shi da." Dangi sun zo daga Madawa sun ce a yi maka sadaka, ta hana. Ni kuwa ina zaune gefenta ina gyaɗa kai, wayar tana cikin jakata. Tsoron nan da take jingine da shi, ni na cire maka shi da hannuna, a tsakar gidanta. Wannan abu ya ci ni, Yaya. Ya hana ni kallon idonta.

To ga sauran darasin, ka saurara. Tasa tana da baki. Duk dutsen da ka ƙara, sai ta ƙara shiga don ta ture ruwan da zai ɗauke shi, har bakin ya zo daidai da ruwa. Manyan jiragen nan akwai layin da ake shatawa a jikinsu, in ruwa ya kai nan an daina lodi, ko wa ya roƙa. Ana barin sarari saboda igiyar ruwa, don teku ba bahon wanki ba ne. Kuma da zarar ruwa ya tsallaka baki, sai ya zauna inda iska take, nauyi ya ƙaru, ta ƙara yin ƙasa, wani ya ƙara shiga. Ba ta daɗewa. Na roba kuwa, iskar da ke riƙe da shi tsaga ɗaya ta ishe ta fita. Iyakar abin ke nan. Duwatsu uku kawai suka rage in ƙara maka ran nan.

Bara da na zo kan wannan darasi a aji, a allo na zana shi na wuce da sauri. Bana na ce ba zan gudu ba. Yau da safe na ɗauki tasar zan fita, Inna ta tambaye ni ina za ni da ita. Na ce zan gwada wa ɗalibai abin da ya sa jirgi ba ya nutsewa. Ta dubi tasar. Sannan ta ce, ba ta ko ɗago kai ba: "In kin gwada musu yadda take tsayawa, ki gwada musu yadda take nutsewa. Ran nan ni na katse ku, don shinkafa."

Ashe tana kallonmu. Ashe damina biyu ita ma da nata take kwana take tashi, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Ban sani ba ko don kanta take cewa ba ka shiga ruwa ba, ko don ni.

Na kai tasar aji. Na yi ta ƙara duwatsu ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya leƙa baki, ta karkace ta tafi ƙasa. Ɗalibai suka yi ta sowa. Na juya na fuskanci allo, na yi ta gogewa alhali babu rubutu, har fuskata ta bushe.

Yayana, ka ce kada in faɗa mata sai ka sauka. Na jira iya jirana. In an yi la'asar zan zauna kusa da ita in kunna mata muryarka. Ka yafe mini wannan, ka yafe mini wancan. Allurarka na tsamo ta daga ƙasan baho tun ran nan, tana soke a gefen mayafina. Ina kewarka ƙwarai.

Ban san addu'ar da ta dace da kai ba, ta mai rai ko ta wanda ya riga mu, don haka zan yi duka biyu. In kana bisa ƙasa, Allah ya tsare ka, ya juyo da fuskarka gida tun Inna tana gani. In kuwa ruwa ya riƙe ka, Allah ya jiƙanka, ya karɓe ka cikin shahidai, ya sa ba ka daɗe kana jin tsoro ba. Amin.

Ƙanwarka da ta tsaya a rabin darasi,
Rakiya
Gamkalley, Yamai