Maƙeri ya goge lambar bindigar mahaifina, ga ranar tantancewa ta matso

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Malam mai kula da zaure, don girman Allah ka sakaya sunana, domin in aka gane ni ba ni kaɗai zan shiga uku ba. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma ya ga zagi ne ya dace da ni ya zaga, ba zan ji haushi ba, na riga shi farawa.

Ni ɗan kasuwa ne, takin zamani da maganin feshi nake sayarwa a Funtua, amma asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Dayi, kuma can mahaifina yake har yau. Baba ya haura saba'in, tsohon maharbi ne, yana da bindiga mai baki biyu, ta Turawa, ba irin wadda ake ƙerawa a ƙauye ba. Tun ba a haife ni ba ya saye ta hannun wani ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya, aka yi masa lasisi da sunansa, kuma bai taɓa bari wa'adin takardar ya wuce ba. Ko shekarar da hatsi bai yi ba sai ya hau mota ya je ya sabunta. A garinmu duk mai bindiga ɓoye ta yake yi, Baba kaɗai ke rataya tasa ya fita da rana tsaka, birai su addabi masarar mutum a zo a kira shi. In kana son ka ga fara'ar tsohon nan ka tambaye shi takardar bindigarsa, yanzu zai shiga ɗaki ya ɗauko ta cikin leda ya karanta maka lambar da ka, shi da bai yi boko ba.

Shekara biyu da suka wuce abin ya yi tsanani ta wajenmu, ɓarayin daji suna shiga ƙauyuka suna tambayar gidan da ke da bindiga. Baba ya naɗe tasa a tsohon bargo ya kawo mini Funtua, ya ce in ajiye masa har abubuwa su lafa. Ya haɗa mini da kwalbar man keke, ya ce duk wata in fito da ita in shafa mata. Yayana ya so a ba shi, Baba ya ce gidansa yara sun yi yawa. Ni aka zaɓa, har da fankamata a gaban Yaya.

Matata ta ce ita ba za ta kwana gida ɗaya da bindiga ba, kuma gaskiyarta. Sai na kai ta sitona na tura bayan buhunan takin yuriya. Jama'a, ni da na shekara goma sha ina wannan sana'a, ni da na san yadda taki ke cinye ƙofar ƙarfe da kwanon rufi, ni da ban san sau nawa na sake kwaɗon siton nan saboda tsatsa ba, ni ne na ajiye amanar ubana a wurin. Watan farko na shafa mai, na biyu ma na shafa, damina ta kama kasuwa ta buɗe, shi ke nan na manta da ita kamar ba a taɓa ba ni ba. Duk sanda Baba ya tambaya a waya in ce lafiyarta ƙalau, ko kunya ba na ji.

Watan jiya da muka kwashe ragowar buhunan na tarar bargon ya jiƙe ya manne mata. Tsatsa ta yi mata jajur tun daga baki har gindi, ta ƙi buɗewa, kunamar ta ƙame, ƙotar ta tsage ta gefe. Na zauna a kan buhu na dafe kai. Da ina da hankali a ranar zan hau mota in kai wa Baba in ce ga abin da sakacina ya jawo, ya yi mini faɗan da zai yi a wuce wurin. Amma girman kai ya hana ni, na ce bari in gyara ta a ɓoye, wa zai sani.

Wani abokin cinikina ya kwatanta mini wani maƙeri ta wajen Danja, garmar shanu yake gyarawa yana kuma walda, aka ce yakan taɓa bindigogin 'yan banga. Bari in kira shi Ɗanlami, ba sunansa ba ne. Ko juya ta sau biyu bai yi ba ya ce wannan ai aikin yini ɗaya ne, ya gyara waɗanda suka fi ta lalacewa. Wannan saurin nasa kaɗai ya isa ya sa in ɗauke kayana in tafi, amma ni a lokacin abin da nake son ji ke nan. Bayan kwana uku na koma ya miƙo mini ita tana ƙyalli kamar sabon cokali. Wallahi murna na yi, har addu'a na yi masa shi da iyayensa.

Sai da na dawo na warware ta a haske na ga aika-aikar. Ashe giranda ya sa mata, irin wadda ake goge waldar ƙofa da ita. Zanen furannin da ke jikin ƙarfen ya tafi, sunan kamfanin da ya ƙera ta ya tafi, lambar nan da ke rubuce a lasisin Baba ita ma ta tafi, wurin ya yi sumul har ya ɗan yi kwari. Inda take buɗewa ya liƙa mata wani dunƙulen walda, ƙotar kuwa ƙusa biyu ya buga mata ya shafe da fenti.

Washegari na koma Danja raina a ɓace. Na tambaye shi ina lambar, ya ce wace lamba, shi tsatsa na ce ya cire kuma ya cire, ai bai bar ko ɗigo ba. Wai shi bai iya karatun boko ba, ya ɗauka ado ne tsatsa ta riga ta cinye. Na ɗaga murya, na kira shi sunayen da ba zan rubuta a nan ba, mutane suka fara taruwa. Sai ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya, ya ce in na ci gaba shi bai taɓa ganina ba, sai in yi wa jama'ar nan bayanin abin da nake yi da bindiga marar lamba a buhu tsakiyar kasuwa. Nan take na ɗaure buhuna a bayan babur na bar garin.

Daga baya aka haɗa ni da wani dattijo a Malumfashi, tsohon soja ne, a ɗakin ajiyar makamai ya yi aiki har ya bar soja. Wurinsa ya kamata in fara zuwa, amma sai bayan ta ɓaci na san da shi. Ya daɗe yana duba ta, ya leƙa bututun a hasken rana, ya shafa da yatsa. Ya ce waldar za ta ciru, ƙota ana iya sassaƙa wata, kunama ma za ta tashi. Amma bututun hannun dama an ci shi ya yi siriri, ko maƙiyinsa ba zai bari ya harba ta ba, don a hannun mutum za ta fashe. Da na yi masa maganar lamba sai ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Ɗana, wannan yanzu ba bindigar babanka ba ce, ƙarfe ne da ba shi da mai shi. Naɗe ta ka fitar mini da ita daga gida." Na roƙe shi, na ce ai ga lambar a takarda, a mayar kawai. Ya ce lambar da aka buga daga baya duk wanda ya san aikin kallo ɗaya zai yi ya gane, kuma ranar da aka gane na tashi daga mai sakaci na koma mai laifi.

Ina cikin wannan sai ga waya daga gida. Dagacinmu ya sa an yi shela, duk mai bindiga da lasisi ya kawo ta tare da takardarta ranar Asabar ɗin wannan makon da muka shiga, jami'ai za su zo ƙofar gidansa su tantance, a duba lambar ƙarfe a duba ta takarda. Sunan Baba ne na farko a jerin, don kowa ya san shi da ita. Ya kira ni yana ta murna, wai yau ga ranar masu gaskiya ta zo, in kawo masa ita ranar Alhamis ya goge ta da hannunsa.

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, to ba ƙarami ba ne. A wajenmu yanzu bindigar da aka goge wa lamba fassara ɗaya ake yi mata, ta daji ce. In kuma Baba ya je hannu biyu ya ce babu ita, fassarar ita ce ya sayar wa mutanen daji. Bara wani mai shago a garinmu cewa kawai aka yi yana kai musu burodi, har yau ba wanda ya kawo hujja, amma aka daina sayen kayansa, in ya shiga sahu a masallaci na kusa da shi ya matsa, da kansa ya kwashe iyalinsa ya bar garin da aka haife shi. Shi ma ya yi sa'a da ya fita da ƙafarsa. Ga shi akwai masu jin haushin Baba cikin 'yan banga, don sun taɓa neman aron bindigar ya hana, ya ce takardarsa ba ta ba shi ikon ba wa wani ba. Waɗannan jira kawai suke yi.

Na kasa riƙewa na faɗa wa Yaya. Ya wanke ni tas, ya tono duk wani shirme da na yi tun ina firamare, ya ce da ma ya san za a rina ranar da aka ba ni ita. Da ya huce ya ce mafita ɗaya ce, in jefa ta tsohuwar rijiya in je in ba da rahoton an fasa sitona an sace. Na ce to in aka tambaye ni me bindigar da ke da sunan Baba take yi a sitona a Funtua shekara biyu fa, kuma me ya sa sai da aka yi shela aka sace ta? Sai ya ce ni na jawo, ni zan san yadda zan yi. Wani abokina ya dage akwai mai buga lamba a ƙarfe da zai yi mini aikin ba wanda zai gane, amma maganar tsohon sojan nan ta ƙi fita daga kunnena, kuma na riga na ga inda "ba wanda zai gane" ya kai ni. Matata kuwa kuka take yi tana cewa in faɗi gaskiya. Gaskiyar da in na faɗe ta Ɗanlami zai rantse bai san ni ba, tsohon sojan ba zai yarda ya tsaya mini shaida ba, kuma da bakina zan tona cewa Baba ya damƙa wa wani bindigar da doka ta ce kada ta bar hannunsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gida da niyyar in faɗa masa komai, duk abin da zai faru ya faru. Na same shi a zaure bayan an sauko masallaci, ya sa an wanke masa babbar rigarsa an kai guga tun da saura mako guda, saboda ranar tantancewar. Kafin in buɗe baki ya hau ba ni labarin waɗanda hankalinsu ya tashi a gari, masu binne bindigogi a gona, masu kai wa dangi ajiya. Ya yi dariya ya ce, "Ni kam alhamdu lillahi, tawa tana hannun ɗana, barcina nake yi har da minshari." Sannan ya tambaye ni ko man keken ya isa ko ya ƙaro. Na ce ya isa Baba. Na ci tuwon da aka kawo mini ban san ɗanɗanonsa ba, na yi sallama na hau babur, sai da na wuce Dayi na tsaya gefen hanya na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifiyarmu.

Ba faɗansa nake tsoro ba, da zai zage ni ko ya ɗaga mini hannu da na ji sanyi. Na san halin tsohon nan. In na ajiye masa ita a gabansa zai duba wurin lambar, ba zai ce mini komai ba. Ranar Asabar zai sa rigar nan ya rataya ta ya tafi ƙofar gidan dagaci, a gaban duk garin ya ce shi ya goge ta da hannunsa, bindigar ba ta taɓa barin ɗakinsa ba, don kada sunana ya fito. In kuma na riga shi na kai kaina, ban tsamar da shi ba, sai dai mu nutse mu biyu.

Yau Litinin. Bindigar tana nan cikin buhu a ƙarƙashin teburin shagona, na taka ta da ƙafa nake rubuta muku wannan. Na juya maganar ta kowace fuska ban ga ƙofa ba, shi ya sa na kawo muku, ko cikinku akwai lauya, ko wanda ya yi aikin ɗamara, ko wanda irin wannan ta taɓa faɗa wa. Akwai hanyar da mutum zai bi ya miƙa irin wannan bindiga ga hukuma, laifin ya tsaya a kansa shi kaɗai? In babu, ku gaya mini, ranar Alhamis in kai masa ita in bar shi ya ɗauki laifina a ƙarshen rayuwarsa, ko in ƙi zuwa ya tsaya gaban jama'a da takarda a hannu yana duban hanya yana cewa ɗansa na nan tafe?